Oestrogel da Utrogestan ko Remifemin da Menopace: wanne ya cancanci kuɗin mai fama da ɗaukewar al'ada?

Macen da ta haura shekara 45, al'adarta ta fara tsallake watanni, zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, tana farkawa tsakar dare ta tarar da matashin kai ya jiƙe sharkaf, kaya iri biyu za ta samu a babban kantin magani. Can ciki akwai magungunan homon, wato sinadaran da ke tafiyar da al'ada a jikin mace, waɗanda a ƙa'ida sai da takardar likita. A gaba kuma, inda hannu ke kaiwa, akwai kwalaye masu hoton fure da ganye, ana tallarsu da cewa na tsirrai ne, ba su da illa. Mun ɗauki biyu daga kowane ɓangare: man shafawa na Oestrogel da kafson Utrogestan, duka na kamfanin Besins, sai ƙwayar Remifemin ta Jamus da Menopace ta kamfanin Vitabiotics na Ingila.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne: idan zafin da gumin sun kai ga hana barci da hana aiki, Oestrogel tare da Utrogestan ne ke aiki, kuma tazarar da ke tsakaninsu da na ganyen babba ce. Amma ba kowace mace ya dace ta yi amfani da su ba, kuma wadda ta sayi rabinsu ta bar rabi ta jawo wa kanta abin da ya fi zafin jiki muni.

Tushen matsalar a taƙaice: ƙwayayen haihuwa na ƙarewa, homon ɗin istrojin na raguwa, sai sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki ya riƙa firgita da ɗan ƙaramin sauyi. Ya buɗe jijiyoyin fata, ya sako gumi, zuciya ta yi ta bugu na minti 1 zuwa 5, sannan sanyi ya biyo baya. A ƙasashen Turai yawanci al'ada na yankewa wajen shekara 51, binciken da aka yi a Najeriya kuwa ya fi nuna wajen 48. Ba a cewa ta yanke sai an cika wata 12 ba a ga jini ba. Kuma abin ba na 'yan watanni ba ne. Wani dogon bincike na Amurka mai suna SWAN ya bayyana a 2015 cewa matsakaicin tsawon wannan zafi ya haura shekara 7, a wurin baƙaƙen mata kuma ya kai kusan 10. Wannan lissafi na da muhimmanci ga aljihu, domin duk abin da za a saya, za a daɗe ana saye.

Kafin a sayi komai, a tabbatar gumin na ɗaukewar al'ada ne. Gumin dare da rama da tari na makonni alamar tarin fuka ne har sai gwaji ya ce a'a. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga da yawan aikin tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) duk suna kawo gumi da bugun zuciya. Mai shekara sama da 45 da alamominta suka fito fili ba ta buƙatar gwajin homon na jini, don adadinsa na hawa da sauka a wannan lokaci, sakamakon yau ba zai zama na gobe ba. Kuɗin ya fi amfani a awon hawan jini, suga, duba mama da gwajin bakin mahaifa.

Oestrogel a hannu

Kwalba ce mai famfo, giram 80, tana ba da matsa 64. Kowace matsa ɗaya na fitar da giram 1.25 na man, a cikinsa akwai miligiram 0.75 na istiradiyol, wato irin istrojin ɗin da jikin mace ke yi da kansa. Yawanci ana farawa da matsa 2 a rana, saboda haka kwalba ɗaya na kai wata guda da 'yan kwanaki. Wasu likitocin na farawa da matsa 1, musamman ga wadda ta manyanta, kuma iyaka ita ce 4. A kantunan da ke kawo kaya daga Faransa, kamar na Nijar da Kamaru, ana iya tarar da shi da sunan Oestrodose.

Sabuwar kwalba sai an matsa har man ya fito, a zubar da na farkon, don ba ya cika awo. Ana shafawa a busasshiyar fata mai tsabta, a baza shi da faɗi, ba a murza shi da ƙarfi ba, a bari ya bushe kamar minti 5 kafin a sa tufafi. Takardar cikin kwalin ta ba da zaɓi biyu, hannu da kafaɗa ko cikin cinyoyi. Ga mai alwala sau biyar a rana muna ba da shawarar cinya ko damtse can sama, domin abin da aka shafa ƙasa da gwiwar hannu ruwan alwala zai tafi da shi kafin ya gama shiga jiki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan wanka, a kuma bar wurin awa guda ba ruwa. Ba a shafa shi a mama ko a gaba.

Kurakuran da suka fi yawa ƙanana ne amma suna rage aikin maganin ko su cutar da wani. Shafa shi a kan basilin ko man bilicin na sauya yawan abin da fata ke sha. Cusa shi a ɗan ƙaramin wuri na rage shigarsa. Akwai sinadarin alkohol a ciki wanda ke kama wuta kafin ya bushe, don haka kada a shafa a nufi murhu ko gas kai tsaye. Mafi muhimmanci, kaka mai ɗaukar jikoki ta wanke hannu da sabulu, ta rufe wurin da ta shafa, domin man na iya komawa fatar yaro, kuma an sha samun yaran da nonuwansu suka fara tasowa ta wannan hanya.

Me ya sa muka fifita shi a kan ƙwayoyin sha irin su Progynova da Premarin, alhali su sun fi sauƙin samu? Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta, hanta kuma ta ƙara sarrafa sinadaran daskarar da jini. Shi ya sa istrojin na sha ke kusan ninka haɗarin gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu. Wanda ya shiga ta fata a awo na yau da kullum bai nuna wannan ƙarin ba. Ga mai ƙiba, mai hawan jini da ke shan maganinta, mai ciwon ɓarin kai, wannan bambanci ne na gaske. Akwai kuma wata magana game da Premarin da ya kamata mai saye ta sani: daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi, tun 1942 ake sayar da shi a Amurka. Istiradiyol na cikin Oestrogel kuwa daga sinadaran tsirrai irin su waken suya da doyar daji ake haɗa shi a masana'anta.

Filasta mai mannewa, kamar Evorel mai awo 25, 50, 75 da 100 da ake canzawa sau biyu a mako, tana da wannan fa'ida ta bin fata. Matsalarta a wurinmu zafi ne. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri gumi na ɓamɓare ta, ƙarƙashinta kuma na yin ja da ƙaiƙayi. Man shafawa ba shi da wannan damuwa. Nasa aibin shi ne tsada, da yankewar kaya a kasuwa, da kuma cewa fatar wasu matan ba ta shansa sosai, sai a kai matsa 4 zafin bai lafa ba.

Ta fuskar aiki, taƙaitaccen nazarin cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen magani, ya nuna istrojin na rage yawan tasowar zafi da kimanin kashi 75 cikin 100 idan aka gwada da ƙwayar bogi, wato wadda babu magani a cikinta. Yawancin mata na ganin sauƙi cikin 'yan makonni, cikakken aikinsa na bayyana a wata 3. Yana kuma kare ƙashi daga zaizayewa, abin da babu ko ɗaya daga cikin na ganyen da ya tabbatar yana yi.

Utrogestan, rabin da ba a bari

Nan ne ake yin ɓarna mafi girma. Istrojin ga shimfiɗar cikin mahaifa kamar taki ne ga gona, homon ɗin furojestaron, wanda ke cikin Utrogestan, kuma shi ne mai nome ta. Macen da mahaifarta ke nan, ta yi ta shafa Oestrogel ko shan Progynova shi kaɗai, shimfiɗar za ta yi ta kauri har ta iya rikiɗewa zuwa kansar mahaifa. Tun 1975 likitoci suka gano wannan, kuma haɗarin na ninkuwa sau da yawa gwargwadon daɗewa. Wadda aka cire wa mahaifa ce kaɗai ke iya amfani da istrojin shi kaɗai. Duk mai kemis ɗin da ya miƙa kwalbar man bai tambayi wannan ba, bai san abin da yake sayarwa ba.

Utrogestan kafso ne mai miligiram 100 na furojestaron irin na jiki. Hanyar shansa biyu ce. Wadda har yanzu take ganin al'ada jefi-jefi, ko ba ta cika shekara da yankewa ba, tana shan kafso 2, wato miligiram 200, kowane dare na kwana 12 a wata, sai jini ya zo bayan ta gama. Wadda ta cika shekara ba jini tana shan kafso 1 kowane dare ba hutu, kuma manufar ita ce kada ta ga jini sam. Idan aka ɗora mai sauran al'ada a kan tsarin kullum, jini zai riƙa zuwa mata ba tsari, ta rikice a lissafin salla da azumi, ta jefar da maganin. Ita ma mai bin tsarin kwana 12 ta san cewa jinin wata-wata zai ci gaba, ta tambayi malamai hukuncinsa tun da wuri. Idan likita ya ƙara matsa zuwa 4, yakan ƙara awon Utrogestan shi ma.

Ana shansa lokacin kwanciya saboda yana kawo barci da ɗan jiri, kuma ba tare da abinci ba, don abinci na ƙara yawan abin da ke shiga jini, jirin ya yi yawa. Ga mai rashin barci wannan riba ce. Wasu kuwa yana saukar musu da ƙunci da kumburin ciki da nauyin jiki da safe. Ɓawon kafson na jelatin ne, wanda ake samu daga jikin dabba, akwai kuma sinadarin waken suya a ciki, wanda ya shafi mai ƙyamar jelatin da wadda jikinta ba ya karɓar waken suya. Madadinsa mai kyau shi ne robar mahaifa ta Mirena, wadda ke kare shimfiɗar har shekara 5, ta rage zubar jini mai yawa, ta kuma hana ɗaukar ciki. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin Oestrogel da Utrogestan ba maganin tazarar haihuwa ba ne. Wadda al'adarta ta yanke kafin 50 tana buƙatar kariya na ƙarin shekara 2, wadda ta haura 50 kuma shekara 1.

Maganar kansar mama

Tsoron da ake yi wa homon ya samo asali ne daga 2002, lokacin da aka dakatar da babban binciken WHI a Amurka. Mata 16,608 ne a ciki, an ba rabinsu haɗin Premarin da wani furojestaron na roba mai suna medroxyprogesterone. Bayan kimanin shekara 5 aka ga cewa a cikin kowace mata 10,000 a shekara, an samu ƙarin 8 masu kansar mama, ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, ƙarin 7 masu ciwon zuciya, sannan an samu ragin 5 a karayar ƙugu da ragin 6 a kansar hanji. Jaridu suka ɗauka, miliyoyin mata suka daina sha.

Abin da bai yaɗu kamar haka ba shi ne matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun fi shekara 10 da yankewar al'ada, kuma ƙwayar sha aka ba su. A ɗaya ɓangaren binciken, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa aka ba su istrojin kaɗai, kansar mama ba ta ƙaru ba, raguwa ma ta yi. Daga nan aka kai ga ƙa'idar da ake bi yau: wadda ta fara kafin shekara 60, ko cikin shekara 10 da yankewar al'ada, amfanin da za ta samu yawanci ya fi haɗarin.

Wannan ba ya nufin haɗarin babu shi. Alƙaluman da likitocin Birtaniya ke nuna wa marasa lafiya sun ce cikin mata 1,000 masu shekara 50 zuwa 59, kimanin 23 za su kamu da kansar mama cikin shekara 5 ko ba su sha komai ba. Haɗin homon biyu na ƙara kimanin 4. Ƙiba na ƙara kimanin 24. Haɗarin na ƙaruwa da daɗewa a kan maganin, yana raguwa a hankali bayan an daina. A inda hoton mama ke da wahalar samu, kuma mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai ƙullutun ya girma, waɗannan 4 ɗin sun fi nauyi a kan yadda suke a Landan. Duk wadda za ta fara, ta yarda da duba mamanta kowane wata da ganin likita kowace shekara.

Waɗanda bai kamata su taɓa shi ba: mai kansar mama ko ta mahaifa, yanzu ko a baya, mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, mai ciwon hanta da ke ci, wadda ta taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Wadda ta taɓa samun gudan jini, mai sikila da mai ƙarin mahaifa, sai da ƙwararren likitan mata.

Remifemin

Ana yin sa ne daga saiwar wani tsiro na dazukan Arewacin Amurka da ake kira black cohosh. Ana shan ƙwaya 1 safe da yamma. Shi ne mafi daɗewa da suna a cikin na ganye, kuma kamfaninsa na daidaita awon abin da ke ciki, wanda ba kowane mai sayar da wannan saiwa ke yi ba. Yabonsa ke nan.

A 2006 an wallafa wani gwaji da aka yi a birnin Siyatil na Amurka da mata 351 tsawon shekara guda. Wasu aka ba su black cohosh, wasu haɗin ganyayyaki, wasu homon, wasu ƙwayar bogi. Masu shan ganyen ba su fi masu ƙwayar bogi samun sauƙi ba, masu homon kuwa zafinsu ya ragu da kimanin sau 4 a rana fiye da na bogin. A 2012 Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 16 na mata 2,027, ta ce babu isasshiyar hujjar da za a dogara da ita. Akwai ƙananan gwaje-gwaje, musamman na Jamus, da suka nuna ɗan amfani, shi ya sa hukumar NICE ta Birtaniya ba ta rufe ƙofarsa gaba ɗaya ba, ko da yake ta yi gargaɗi cewa kayan da ke kasuwa sun bambanta kuma ba a tabbatar da lafiyarsu ba.

To me ya sa mata da yawa ke rantsuwa ya yi musu aiki? Ba ƙarya suke yi ba. A gwaje-gwajen wannan matsala, masu shan ƙwayar da babu komai a cikinta ma zafinsu kan ragu sosai, wani lokaci har da rabi. Ga shi kuma zafin na zuwa ne yana lafawa da kansa, mace kan sayi magani a makon da ya fi tsananta, sai sauƙin da dama zai zo a ɗauka na kwalin ne.

Abin da ya fi damunmu da shi hanta ce. Tun 2006 hukumomin magunguna na Turai da Birtaniya suka sa a rubuta gargaɗin illar hanta a kwalayen black cohosh. Abin ba ya faruwa da yawa, amma a yankin da ciwon hanta nau'in B ya yaɗu, kuma da yawa masu ɗauke da shi ba su sani ba, wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye. Wadda za ta gwada ta yi gwajin hanta tukuna, kada ta wuce wata 6, ta daina nan take idan idonta ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko ta ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama.

Menopace da waken suya

Menopace na asali ƙwayar bitamin ce da ma'adinai, ɗaya a rana bayan babban abinci, da ɗan sinadarin isofilabon na waken suya, mai ɗan kama da istrojin, miligiram 20. A matsayin bitamin ba ta da laifi, musamman ga wadda cimarta ba ta wadata ba. A matsayin maganin zafin jiki kuwa awon ya yi ƙasa da wanda aka yi amfani da shi a yawancin gwaje-gwaje. Ko a manyan awon ma, nazarin da mujallar likitocin Amurka ta JAMA ta buga a 2016 ya nuna isofilabon da danginsa na rage tasowar zafi da kimanin sau 1 da ɗoriya a rana, ba sa taɓa gumin dare. Ga mai fama sau 3 a rana wannan wani abu ne. Ga mai fama sau 12 ba zai kai ta ko'ina ba. Wani dalilin bambancin shi ne sai ƙwayoyin halittar cikin hanji sun juya isofilabon zuwa wani sinadari mai ƙarfi, kuma ba hanjin kowa ke iya hakan ba.

Idan isofilabon ake so, awara na nan. Giram 100 na awara na ɗauke da kimanin miligiram 20 zuwa 30, ga furotin a kai, a kuɗin da bai kai na kwalin ba. Sai dai a rage soya ta cikin mai, tunda ƙiba na ƙara zafin.

Sauran na kan kanta ba sa buƙatar dogon bayani. Man evening primrose bai fi na bogi ba a gwajin da aka yi tun 1994. Promensil, na furen red clover, bai nuna bambanci mai ma'ana ba a gwajin mata 252 na 2003. Man shafawa na doyar daji da ake cewa furojestaron ne na tsiro, jikin mutum ba ya iya juya shi zuwa furojestaron, masana'anta ce ke iyawa, don haka ba ya kare mahaifa ko kaɗan. St John's wort kuma na rage ƙarfin tamoxifen na kansar mama, warfarin mai hana daskarewar jini, maganin farfaɗiya da maganin ƙanjamau. A 2023 ƙungiyar masana ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka ta fitar da matsayarta, ba ta ba da shawarar ko ɗaya daga cikin magungunan ganye don wannan zafi ba.

Namu na gida, hulba, habbatus sauda, zogale da zoɓo, abinci ne masu amfani, zoɓo marar sukari ma an tabbatar yana ɗan sauke hawan jini. A sha su a matsayin abinci. Wanda ya zuba su a jarka ya ce suna dawo da al'ada ko ƙuruciya, a rabu da shi. Lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe da ake gani a jikin maganin gargajiya tana nuna an duba ba ya cutarwa nan take ne, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba, kuma akan buga hakan a jikin kwalbar da ƙananan haruffa.

Bushewar gaba

Wannan ita ce alamar da aka fi ɓoyewa, kuma a nan ne kayan mata ke cin kasuwa. Rashin istrojin na sa fatar gaba ta yi siriri, ta bushe, ta riƙa tsagewa, a ji zafi wajen auratayya, fitsari ya riƙa ƙuna, sanyin mara ya yi ta dawowa. Zafin jiki na wucewa da shekaru, wannan kuwa ƙaruwa yake yi. Matsi da alif, tsarki da ruwan bagaruwa, cusa miski ko haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, duk suna ƙara busar da fatar da dama ta yi rauni, su buɗe hanyar ƙwayoyin cuta.

Maganinsa istrojin ne na wurin kaɗai: ƙwayar cusawa ta Vagifem mai maikirogiram 10, ko kirim ɗin Ovestin. Ana sawa kowane dare na mako 2 zuwa 3 gwargwadon wanda aka zaɓa, sannan sau 2 a mako. Abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, ba ya buƙatar Utrogestan, kuma ana iya ci gaba da shi shekaru. Idan aka daina, bushewar na dawowa. A duk kayan da muka duba, wannan ne ribarsa ta fi haɗarinsa nisa, kuma shi ne aka fi jahilta. Wadda matsalarta bushewa ce kawai ba ta buƙatar Oestrogel. Mai tarihin kansar mama ta tuntuɓi likitan da ke duba ta kafin ta fara.

Wadda homon ya haramta gare ta ba sai ta koma ga ganye ba don maganin zafin jiki. Akwai venlafaxine miligiram 37.5 zuwa 75, akwai gabapentin wanda ke taimaka wa mai gumin dare, akwai paroxetine a ƙaramin awo, sai dai shi ba a haɗa shi da tamoxifen. Ba su kai homon ƙarfi ba amma sun fi ƙwayar bogi a gwaji. Sabon magani fezolinetant, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, yana aiki kai tsaye a sashen ƙwaƙwalwar da ke tayar da zafin, amma yana da tsada kuma sai ana bibiyar hanta. Rage ƙiba na taimakawa. Yaji mai yawa, shayi mai zafi, kofi da goro na tayar wa wasu, kowace ta lura da nata. Ƙashi kuma na son nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka, riɗi, hasken rana da tafiya a ƙasa.

Akwai rukuni ɗaya da ba mu ga wurin muhawara a kansu ba: wadda al'adarta ta yanke kafin shekara 45, balle kafin 40, ko aka cire mata jakar ƙwai a tiyata. Ita homon take buƙata har zuwa wajen shekara 51 ko da ba ta jin zafi, domin ƙashinta da zuciyarta za su yi shekaru ba kariya. Alƙaluman WHI ba a kanta aka yi su ba, kuma Menopace ba za ta cike mata wannan gurbi ba.

Wadda ta fara Oestrogel da Utrogestan ta sa ran ciwon mama, ɗan tashin zuciya, ciwon kai da ɗigon jini a watannin farko, yawanci suna lafawa. A koma wurin likita bayan wata 3 a duba awo da hawan jini, daga nan sau ɗaya a shekara. Ɗigon jinin da ya wuce wata 6 da farawa, ko ya dawo bayan ya tsaya, ko ya biyo bayan auratayya, yana buƙatar sikanin da duba bakin mahaifa, ba ƙarin kafso ba. Ranar da za a daina, rage matsa ɗaya-ɗaya cikin watanni ya fi yankewa lokaci guda sauƙi, kuma Utrogestan ba a ajiye shi sai ranar da aka ajiye man. Kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi na bazata, karkacewar baki, nauyin harshe, ko ƙullutu a mama, a dakatar da maganin a nufi asibiti a ranar.